Allon da Tanko Bai Gama Ba

Litinin, 9 Satumba 1991

Yau kwana bakwai da rasuwar Tanko. A zaure ya faɗi, da alli a hannu, yana koya wa ɗiyarmu Mardiya lissafi. Ranar an rufe gari saboda yajin aiki, daga unguwarmu New Bell har Ndokoti babu tasi ko ɗaya. A amalanke aka tura shi asibiti. Bai kai ba.

Rubutunsa na nan a allo: 6a² + 9ab = , sai fili. Na ce duk wanda ya goge, ni da shi.

Alhamis, 26 Satumba

Mardiya ta yi zancen komawa makaranta. Na ce a'a. Kullum ana ƙona taya a titi, kuma ita kaɗai gare ni. "Inna, Baba ya ce..." Na ce Baban yana ina? Na ji kunyar bakina, amma ban janye ba.

Laraba, 2 Oktoba

Ruwa tun safe. Na tsani allon nan.

Juma'a, 11 Oktoba

Gobe sadakar arba'in. Waina 84, goro 60. A unguwar nan in kason wani gida ya fi da goro ɗaya, sai an shekara ana yi da kai. Da can Tanko ake kira ya raba. Ni da ƙanwarsa Azumi muka kasa goma, ya ƙi. Muka kasa takwas, ya ƙi. Na zauna ina kuka a kan goro, ni Kulsum, da girmana.

Mardiya ta ce a hankali, "Gida sha biyu, Inna. Waina bakwai, goro biyar, ba saura." Azumi ta ce da Faransanci, "Comment?" wato ta yaya. Mardiya ta ce wai lamba mafi girma da ke raba su duka biyu ake nema. Ta karkata kai tana bayani. Karkatawar ubanta sak.

Asabar, 12 Oktoba

Gida sha biyu. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Lahadi, 13 Oktoba

Ina shara na ga an cike filin nan a allo: 3a(2a + 3b). Rubutu ƙanana, kamar na mai jin tsoro. Ban san ko daidai ne ba. Na daɗe a tsaye da tsintsiya. Ban yi wa Mardiya faɗa ba.

Na wanke rigar makarantarta, na goge. Ba wai na yarda ba ne. Warin akwati take yi.