Kafintan Gyaɗi-Gyaɗi

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
11 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jiki, yaya kunnen? Tunda waya ta zama wahala tsakaninmu, ga takarda na ba Audu direba, ya ce duk Talata da Asabar yana shiga Zonkwa.

Na fara aiki lafiya, aji uku aka ba ni a wata makarantar kuɗi a Tarauni. Ɗaki kuwa, kada ki yi fushi, a Gyaɗi-Gyaɗi na kama. Na san kin ce in nemi ko'ina ban da nan, amma a nan aka haife ni, a nan Baba ya rasu, ni kuma ban san komai nasa ba sai sunansa.

Unguwar ta shiga raina. Idan na taso daga makaranta sai in bi lungu-lungu a ƙafa. Na ci gurasa da aka jiƙa aka barbaɗe da ƙuli-ƙuli da albasa, na ci ɗanwake har yajin ya sa ni hawaye. Akwai wani tsoho mai ɗinkin hula a bakin titi, akwai mata masu saƙa faifai a soro, na sayo miki guda biyu masu launi.

Jiya da safe na je wajen wata tsohuwa mai suyar masa, wadda a nan suke ce wa waina, ana kiranta Inna Hajara. Ina gaishe ta sai ta ɗago, cokali ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin tanda. Ta ce, "Lami? Kin dawo?"

Na ce, "Inna, Lami mahaifiyata ce. Ni Deborah."

Ta daɗe tana kallona har wainar ta fara ƙonewa. Ta turo mini 'yar kujera ta ce in zauna, ta zuba mini, ta ƙi karɓar komai. Duk tambayar da na yi mata sai ta ce, "Ci dai, 'yar nan."

Da na tashi ƙafata ta ture kujerar ta kife. Mama, a ƙarƙashinta akwai tambarin nan da aka ƙona da ƙarfe, harafin E da ɗigo uku, irin na kujerar da ke ɗakinki wadda kika ce Baba ne ya yi. Na shafa wurin da hannuna.

Ki gaida su Kawu Luka. Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Deborah

*

Zonkwa
16 ga Satumba, 2023

Deborah,

Na gaishe ki. Faifai sun iso, na gode. Kunne yana nan yadda kika bar shi.

Ubanki kafinta ne, ya yi wa rabin unguwar nan kujeru, ba abin mamaki ba ne ki ga ɗaya. Hajara maƙwabciyarmu ce a da, tsufa ya kama ta, kada ki riƙa damunta da tambaya. Aiki ya kai ki Kano, ki yi aikinki. Ki nemi ɗaki a Daurawa kusa da 'yan cocinmu kafin wata ya mutu. Ban saba maimaita miki magana ba.

Ubangiji ya tsare ki.

Mahaifiyarki,
Lami

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
2 ga Oktoba, 2023

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na yi kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Tarauni neman muciya da maburgi. Na tsaya rumfar wani Malam Lawan mai sayar da kayan katako. Cikin kayan akwai 'yan kujeru a jere, sababbi fil, ƙamshin katako bai bar su ba. Haka kawai na kifa ɗaya. Harafin E ne da ɗigo uku, baƙin ƙunar har ya shafe mini yatsa.

Na ce, "Malam, wa ke yin waɗannan?"

Ya ce, "Ai Baba Elisha ne. Wani dattijo ne Kirista, mutumin kirki. Duk kasuwar nan babu kujerar da ke kai tasa ƙarko."

Sunan Baba ke nan, Mama. Na ce, "Yana raye?"

Ya yi dariya ya ce, "Shekaranjiya ya kawo su da kansa."

Na zauna a kan kujerar. Ya kwatanta mini wurin, wata rumfar kwano a Darmanawa, bayan masu walda. Washegari na je. Na tarar da tsoho siriri, furfura ta rufe masa kai, yana goge katako. Goshinsa irin nawa ne, Mama. Yadda yake cije leɓe idan yana aiki, haka nake yi idan ina duba littattafan yara, kin sha yi mini faɗa a kai.

Na rufe rabin fuskata da gyale na ce kujera nake so. Ya ce in dawo Litinin. Bai ko dube ni sosai ba. Abin da na lura, babu katako ko ɗaya a jingine a rumfar, duk a kwance suke a ƙasa, ya ɗaure su da igiya. Wata yarinya ta biyo ƙwallo ta nufo ƙofar, ya saki zarto ya daka mata tsawa. Da ta gudu sai ya zauna ya dafe kai.

Na koma wajen Inna Hajara. Ta share hawaye da bakin zani ta ce, "Ba bakina ya kamata ki ji ba. Tambayi uwarki wace ce Blessing."

Shekara ashirin da shida ina ce wa mutane ni marainiya ce. Duk ranar da ake addu'ar iyaye a coci ina sunkuyar da kai. To ina tambaya, Mama, cikin ladabi: wace ce Blessing?

Ban tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi ba, ba kuma zan tashi ba.

'Yarki,
Deborah

*

Zonkwa
7 ga Oktoba, 2023

'Yata Deborah,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Na karanta takardarki sau huɗu. Zauna kafin ki karanta tawa.

Blessing yayarki ce. Shekararta biyar. Tana da wushirya, tana son wainar Hajara, kullum da safe sai ta tsallaka da kwanonta. Ke lokacin wata takwas gare ki.

Shagon ubanki yana bakin layinmu. Wata Laraba aka kawo masa lodin katako ya jingine a bango. Ya fita sayo ƙusa, bai fi minti goma ba. Kafin ya dawo katakon ya zame a kanta. Hajara ce ta fara jin ƙarar. Ko asibiti ba a kai da ita ba.

A gaban jama'a na ce shi ya kashe mini 'ya. Bai musa ba. Bayan wata biyu na goya ki na taho gida. Na ce ya biyo mu, ya ce ba zai bar yarinya ita kaɗai a ƙasar Kano ba. Ya zo Zonkwa sau uku, na sa Kawunki Luka ya mayar da shi daga bakin ƙofa. Ya aiko takardu, na mayar ban buɗe ba. Da kika fara tambaya sai na ce ya mutu, dangi suka bi bakina don sun ga halin da nake ciki.

Wannan kowa ya sani. Ga wanda ba wanda ya sani sai ni da shi da Hajara.

Da safen ranar ya ce mini, "Lami, yau za a kawo katako, kada ki bar Blessing ta zo shago." Na ce to. Ke kuma kin wuni da zazzaɓi kina tsala kuka, ita tana ta jan zanina tana son in yi mata kitso. Raina ya ɓaci, na ce, "Tafi wajen babanki ki ba ni wuri." Ta tafi tana tsalle. Ta isa ya riga ya fita. Bai ma san tana ciki ba.

Ya san ni na tura ta, don Hajara ta ji sanda na faɗa, ta gaya masa, shi ya roƙe ta ta yi shiru. Na ɗora masa ne don idan na ɗora wa kaina ba zan iya shayar da ke ba. Daga baya kuma kunya ta hana ni komawa. Ba tsanarsa nake yi ba, kallonsa ne ba zan iya ba.

Kin ce kunnena ya mutu. Akwai abin da yake ji sarai. Duk sanda aka yar da itace a tsakar gida sai in ji muryarta.

Ban ce ki yafe mini ba. Ki yi yadda zuciyarki ta ba ki.

Mahaifiyarki,
Lami

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
16 ga Oktoba, 2023

Mamana,

Ina gaishe ki. Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na yi kuka kuma, rabi don ni, rabi don ke. Har yanzu ban gama ko ɗaya ba.

Ranar Asabar na sayi waina a wajen Inna Hajara na tafi Darmanawa, wannan karon ban rufe fuska ba. Na yi sallama. Ya ɗago, sai ya ja da baya har ya bugi teburin aikinsa. Ya ce, "Lami," a hankali, kamar mai tsoron kada in ɓace.

Na ce, "Baba, Deborah ce."

Ya dubi hannuwansa, ya goge su a riga, ya sake gogewa. Ya rasa inda zai sa su. Sai ya ce, "Kin ci abinci?"

Muka zauna muka buɗe wainar, ba wanda ya iya ci. Ya tambayi karatuna, ya tambayi ko ina da miji, ya tambayi tabon da ke gwiwata wanda ni ma ban san asalinsa ba. Ya ce a kan dakalin gidanmu na faɗi ina koyon rarrafe. Shi kaɗai yake zaune a ɗaki ɗaya bayan rumfar, bai sake aure ba. Tari yana damunsa, na ce dole mu je asibiti.

Na gaya masa kin faɗa mini komai, har maganar safen ranar. Ya ce, "Ita ta tura ta, ni na jingine katakon ban ɗaure ba. Shekara ashirin da biyar ina auna abin nan, ban ga wanda nasa ya fi ba. Ki ce mata ta sauke nauyin nan."

Jiya bayan sujada ya kai ni maƙabarta. Kabarin ƙarami ne, a share tas, ya kewaye shi da katako mai fenti fari. Ya ce duk shekara yake sabuntawa. Ya tsuguna ya ce, "Blessing, ga ƙanwarki." Ban taɓa saninta ba, amma na ji kamar an daɗe ana jirana a wurin.

Bai ce ki zo ba. Na tambaye shi, ya ce ba shi da bakin roƙon wannan. Ni ce nake roƙo.

'Yarki mai ƙaunarki,
Deborah

*

Zonkwa
24 ga Oktoba, 2023

Deborah,

Na gaishe ki. Zan biyo Audu ranar Lahadi bayan sujada, ki tare ni a tasha.

Wajen 'yata zan zo. Ki kai ni kabarin da safe. Idan shi yana so ya zo, ya tsaya daga nesa tukuna, in na iya zan juyo. In ban juyo ba kada ki matsa mini.

Na surfa acca mudu biyu, da citta da zuma saboda tarin. Ke za ki kai masa. Ba ya son gishiri da yawa a miya, ki kiyaye.

Sai na zo, in Ubangiji ya yarda.

Mahaifiyarki,
Lami