Haƙori Arba'in da Takwas

Unguwar Ƙurban, ranar Lahadi

Ammu Bakri, baffana a harkar babur,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ni dai ina kwance da karyayyen allon kafaɗa. Tunda ka toshe lambata, na aiko ƙanwata Hibatullahi da wannan takarda.

Na kawo maka babur na ce filin tsere za ni da shi. Ka ce ka gyara kulocin yadda in na sauke giya a bakin kwana zai ɗan saki, tayar baya ba za ta yi tsalle ba. To ta yi! A kwana ta uku ta yi cilli da ni kamar buhun gawayi. Shi ya sa na rubuta a guruf ɗin mahaya cewa aikinka ya kusa kashe ni, kuma ba zan goge ba.

Wassalam,
Abdulazeez

Unguwar Bani Harisa, ranar Talata

Ɗana Abdulazeez,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ya ƙara maka hankali.

Shekara talatin ina wannan aiki, tun daga Sudan, yau yaron da na koya wa ɗaure sarƙa ne zai ɓata mini suna? Mutum huɗu sun zo sun kwashe baburansu daga warshata, wato garejina. Wallahi raina ya ɓaci.

Na je na duba gawar babur ɗinka. Faifan sarƙa na baya da na sa haƙori arba'in da uku ne. Wanda na gani arba'in da takwas, an ƙara don a rage masa gudu. Sifirin ɗin kulocin ma an sauya su da masu tauri, ina zai saki? Wannan aikin mai gyaran baburan kai saƙo ne.

Mahaifinka, Dokta Idrisa, ya zo mini mako biyu da suka wuce. Ya ce in rage wa babur ɗin gudu ba da saninka ba. Na ce masa a filin tsere wannan kisa ne, ya fita yana faɗa. Laifina ɗaya, na yi shiru don kada in haɗa ɗa da uba. Halas, shi ke nan, yanzu ka sani. Ka wanke ni a inda ka ɓata ni.

Ka gaida gida,
Bakri

Ƙurban, ranar Alhamis

Ammu,

Salam. Na tambayi Baba ko shi ya sa wani makanike ya sauya kayan a ɓoye. Bai musa ba. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska, ya ce tsoro yake ji kada in mutu. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai jiya. Haushi kamar in fashe, amma ta yaya zan rubuta wa mutum ɗari biyu na guruf cewa ubana ne ya kayar da ni?

Na rubuta musu cewa ni na sauya kayan da hannuna don taurin kai, aikinka ba shi da aibu. Sun cire ni daga guruf ɗin, sun ce ba za su sake shiga fili da ni ba.

Ka yafe mini.
Abdulazeez

Bani Harisa, ranar Juma'a

Ɗana,

Salam. Biyu daga cikin huɗun sun dawo da baburansu. Na yafe maka. Amma gaskiya na nema, ka biya ni da ƙarya, kuma a kanka ta faɗa. Mahaifinka ya san abin da ka rubuta?

Allah ya sawwaƙe,
Bakri