Agogonmu da Agogonku

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da tulun da kike ɗauke da shi a gaba. Ki gaida mijinki, ki ce har yanzu ban yafe masa ɗauke mana ke ba.

Bayan haka, Inna ta yarda za ta zo ta tsaya miki a haihuwa, kuma ni na shawo kanta. Kin san gwiwarta, dogon zama ba ya yi mata. Sai na duba tikitin da kika aiko. Boko bai san ni ba, amma lamba ba ta gagare ni: tashi sha ɗaya na safe, sauka huɗu na yamma. Na ce mata awa biyar ne kacal, azahar a sama, la'asar a ɗakinki. Na ƙara da cewa ana buɗe taga a sha iska, ta jefe ni da ludayi.

Ƙaninki mai hankali,
Auta

Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Huɗun da ka gani agogonmu ne, ba naku ba. Kun riga mu da awa bakwai. Zaman jirgin awa goma sha biyu ne, teku a ƙasa, babu inda ake tsayawa.

Don Allah kada ka faɗa mata. In ta ji za ta fasa. Cikin fari ne, likita ya ce wataƙila sai an yi aiki, kuma ba ni da kowa a nan sai mijina. Kai da ka taɓa sa Kawu ya yi wanka ya tafi tasha tarbar baƙon da babu shi, shiru kawai ba zai gagare ka ba.

Ka huta lafiya,
Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa, na yi ƙoƙari, amma abin ya ƙi. Tsokanata, a ƙarshe har wanda na yi wa yana dariya. Wannan kuwa ban ga inda dariyar za ta fito ba.

Jiya tana ninke kaya a tsakar gida ta ce in lissafa mata sallolin da za su same ta a hanya. Na ɗauko tocila da lemo, na nuna mata yadda rana ke iso mana kafin ku, kamar yadda mai gyaran rediyon layinmu ya nuna min. Ta daɗe tana kallon lemon. Na zaci gwiwa za ta ambata.

Sai ta ce, "To in na kira ta da hantsi, can ƙarfe nawa ne?"

Na ƙirga da yatsu na ce biyun dare.

Ta ce, "Shekara uku yarinyar nan tana ce min yanzu ta gama karyawa."

Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ba ta ce ta fasa ba, ba ta ce za ta zo ba. Ki yi haƙuri da ni.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Inna ta ce ki sa a ba ta kujerar da ke bakin hanya a cikin jirgin, don ta riƙa miƙe ƙafa. Ta ce kuma yau ba za ta kira ba, ki yi barcinki.

Ni dai zan kira.

Auta