Ɗoɗɗoyar Mama Sarla

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
3 ga Mayu

Yaya Hannatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai kewa. Tun rasuwar maigidana Paul ɗakin nan ya yi mini girma.

Na sami aikin jinya a Tarauni, wajen wata tsohuwa 'yar Indiya, Mama Sarla. Mijinta ya yi aiki a masaƙa a nan Kano har ya rasu, ɗanta tilo kuma yana Kanada. Tana jin Hausa sosai.

A bangon ɗakinta akwai zanen hannu a kan ƙyalle, wanda mahaifiyarta ta ba ta ranar aurenta. Mata ne sanye da jajayen kaya sun kewaye wata shuka, ɗaya tana zuba mata ruwa, ɗaya riƙe da fitila, ga saniya kwance a gefe. Irin shukar tana nan a tsakar gida, suna ce mata tulsi. Yaya, ɗoɗɗoya ce fa, dangin wadda muke sawa a miya! Su a wajensu abin bauta ce. Kullum da safe nakan tura ta a keken guragu ta je ta zuba mata ruwa, ta yi addu'arta. Ta ce a garinsu mata da yawa suke taruwa su yi, kamar a zanen. A nan ita kaɗai ce, sai ni a tsaye a bayanta.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Saratu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
20 ga Yuli

Yaya Hannatu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, Mama Sarla ta rasu ranar Alhamis.

Da jikin ya yi tsanani ta riƙe hannuna, ta ce a addininsu ana sa wa mai mutuwa ganyen tulsi a baki, kuma ɗa ne ya kamata ya sa. In ɗanta bai iso ba, in taimake ta. Na ce mata ni Kirista ce. Ta ce ta sani, ba ta ce in yi imani ba, hannu kawai take nema.

Na rasa wanda zan yi shawara da shi. Jirgin ɗan ya yi jinkiri, numfashinta yana ta yin sama. Na fita na tsinko ganye ɗaya, na sa mata a harshe, ina yin tawa addu'ar a zuci. Ta dube ni, ta lumshe ido. Ban san ko na yi laifi ba, Yaya, amma ba zan iya kallonta ta tafi tana jira ba.

Da ɗan ya iso, abin da ya fara tambaya shi ne ko an sa mata ganyen. Na faɗa masa, sai ya durƙusa ya taɓa ƙafata yana kuka.

Sun kulle gidan. Jiya na sa farar rigata ta aiki na hau adaidaita, sai da muka kai Tarauni na tuna ba mai jirana.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Saratu