Tsutsar da Ta Kumbura Mini Hannu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yara da maigidanki?

Ni lafiyata ƙalau. Kada rubutun nan ya tayar miki da hankali, da hagu nake yi. Babban akwatin gilashi na kifayen teku da nake kula da shi a otel, wasu tsutsotsi masu gashi kamar ƙaya ne suka tare cikin duwatsunsa. Ranar Talata na sa hannu zan gyara dutse, wata ƙatuwa ta zuba mini gashinta a yatsu uku. Ba wani ciwo ba ne, maɓallin riga ne kawai nake kasa sawa.

Abin da ya ƙona mini rai, sun cinye murjani mai rai, wata halittar teku mai kama da fure, da na shekara ina reno. Manaja ya ce mini a gaban baƙi, "In wani murjanin ya sake mutuwa, ka nemi wani aikin."

Wallahi Yaya, ba za su ci bulus ba. Na huda gorar roba, na sa guntun kifi, na nutsar. Da safe na tarar da goma sha bakwai a ciki. Ɗaya bayan ɗaya na jefa su a ruwan zafi, ina tsaye ina kallo. Ƙatuwar ta ƙi shiga gorar, amma na ga raminta.

Kada ki faɗa wa Inna maganar hannun. Ki ce kawai ina da abokiyar gaba, ta sa ni a addu'a.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki