Zagin da Aka Yanke

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Mun dawo daga kallon fim ɗin Nasrullah, ƙafafuna sun kumbura kamar burodi. Jikan nan nawa ya daɗe yana bin tsofaffi da kamara, wai zai ba duniya labarin Fitilun Zango, ƙungiyar kiɗan da marigayi maigidana Amidu ya kaɗa wa jita tun ina amarya. A wani ɗakin taro a unguwar Kwadaso aka nuna, mai sanyin inji da ya shige mini har ƙashi. Na ga Amidu da gashi kamar kwando a ka, da wandon nan mai faɗin baki da zai share kasuwar Race Course tas in ya ratsa sau ɗaya. Na ga kaina a bango, hancina ya kai turmi. Na ce wa Nasrullah, angona, haka ake yi wa amarya, a kafa ta a bango ba ko hoda?

An tafa sosai. Cikin 'yan ƙungiyar su huɗu Brimah mai ganga kaɗai ya rage a duniya, shi ma bai zo ba. Wai ruwan sama. Ƙato da tsoron ruwa. Na ajiye masa wannan.

Akwai abin da ya tsaya mini a fim ɗin, amma barci nake ji.

Lahadi, 8 ga Satumba

Abin da ya tsaya mini ke nan.

Brimah ɗan kawuna ne, taubashina. Tun muna yawo ba takalmi ba mu taɓa gaisawa da ladabi ba. Shi ya ce mini Agwagwa saboda tafiyata, ni in ce masa duk abin da ya zo bakina. Haka iyayenmu suka yi da nasu taubasan, haka muka tarar. Ranar da Nasrullah ya ɗauke mu, kan benci ɗaya ya zaunar da mu a ƙofar gidan Brimah. Na ce shi ya kashe ƙungiyar. Na ce kiɗansa da dakan fufu ba su da maraba. Na ce hannuwansa sun riga ƙungiyar mutuwa, Amidu ne ke rufa masa asiri da jita. Shi kuma ya rama har da ƙari. Ya ce duk waƙar baƙin ciki da Amidu ya yi, miyata ya sha kafin ya yi ta. Ya ce ranar da na gwada waƙa a wurin gwajinsu, lasifika ta yi hayaƙi, akuyar maƙwabta ta haihu ba lokaci ba. Yaron da ke riƙe da sandar ɗaukar murya sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

A fim ɗin nawa kaɗai ya fito. Ina rufe baki sai kamara ta tsaya kan Brimah, ya yi shiru yana kallon hannuwansa, jitar Amidu na kuka a hankali daga ƙasa.

Na kira Nasrullah na tambaye shi ina ramuwar mutumin. Ya ce, "Kaka, ta yaya zan bari a zage ki a gaban duniya?" Yaron da ya yi karatu a Akra ke nan. Ya kare mini mutunci, Allah ya saka. Na ce to, zan yi maka bayani in na huta.

Talata, 10 ga Satumba

'Yata Zuleha ta karanta mini abin da wata mata ta rubuta a jaridar Akra, tana dubawa a waya tana juya mini da Hausa. Wai ba a taɓa yin fim kan kiɗan ƙasar nan mai taɓa zuciya kamar wannan ba. Wai ni ce ƙashin bayansa, matar mamaci da ta haɗiye fushi tun ƙuruciya sai yanzu ta amayar. Wai shirun mai ganga amsa laifi ne da ya fi kowace waƙa ƙarfi.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Fushi. Ni da a ranar tunanin ƙosan da na bari a rufe nake yi.

Abin da ya kashe Fitilun Zango kowa a nan ya sani. Lokacin soja aka hana fita da dare, gidajen rawa suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Sumana mai waƙa ya tafi Ikko, Latif ya kama tuƙin mota, Amidu ya koma kan keken ɗinki. Duk wannan yana cikin fim ɗin. Ba wanda ya ɗauka. Tsohuwa mai yanka tsoho ta fi daɗin rubutawa.

Juma'a, 13 ga Satumba

Yau kuma mutumin rediyo ne. Shi bai yaba ba. Ya ce hotuna sun yi kyau, tsofaffin waƙoƙi sun yi kyau, amma yaro ya ɗaure dattijo ya miƙa wa tsohuwa mai dafin baki wuƙa. Aka buɗe waya. Wata 'yar ƙabilar Asante ta bugo ta ce Maame, ni ke nan, ta yi daidai paa, wato sosai, haka maza suke. Wani ya ce in ji tsoron Allah.

Da na je sayen koko, mai kokon ta ƙara mini ƙosai biyu, wai saboda haƙurin da na yi shekara da shekaru. Na buɗe baki zan gyara mata, sai na ga layi a bayana da doguwar maganar da zan yi. Na karɓa. Na ci kuma.

Litinin, 16 ga Satumba

Na gamu da Brimah a hanyar dawowa daga Maulidi. Tun daga nesa na shirya. Na ce kai mai tsoron ruwa, an ce ka ɓuya ƙarƙashin gado ranar fim.

Ya tsaya. Ya ɗan rusuna, shi da gwiwarsa ta fi tawa lalacewa. Ya ce, "Hajiya, barka da rana. Ya jiki? Allah ya ƙara lafiya."

Hajiya.

Ko ranar da na dawo daga Makka cewa ya yi jirgin ya sha wuya. Ya wuce, hannuwansa cikin riga. Na tsaya a titi har wani mai trotro, motar hayar nan, ya yi mini tsawa.

Alhamis, 19 ga Satumba

Gwiwa. Ban fita ba. Zuleha ta zo da wani rubutun, na ce ta bar shi a wayar.

Lahadi, 22 ga Satumba

Nasrullah ya zo da fara'arsa, an gayyaci fim ɗin ƙasar waje. Wurin nan na benci shi suka fi so, in ji shi. Na ce ya mayar da zagin Brimah inda ya cire shi. Ya ce in ya mayar, wurin zai koma abin dariya, mutanen can ba za su gane ba, ga shi an riga an yabe shi a haka. Ya ce ai mutanen Zango sun san wasa ne.

Na ce waɗanne? Mu da muka sani rabinmu na ƙarƙashin ƙasa. Samarin unguwar Asawase guntun fim ɗin da ke yawo a waya suka gani, yanzu in Brimah ya wuce sai su riƙa kiran Baba Kashe-Ganga. Mutumin da ya koya wa iyayensu riƙe sandar ganga.

Ya cinye tuwonsa bai ɗaga kai ba. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa yana jira in ce masa ango kamar kullum. Ban ce ba. Ba fushi ba ne, bakina ne ya gaji.

Laraba, 25 ga Satumba

Na je gidan Brimah. Gidan da nake faɗawa ba sallama in buɗe tukunya in kushe miya. Yau 'yarsa Rahamatu ta kawo mini kujera da ruwa a faranti kamar mai neman ƙuri'a. Ta ce Baba na barci. Ina jin tarinsa ta taga.

Na ce ta faɗa masa wasa nake yi, kamar bai sani ba. Ta ce, Gwaggo, ya sani. Sai ta matso da kujerarta ta rage murya.

Tun bayan Layyar bara hannuwansa suka fara rawa. Na dama ba ya riƙe komai. Sandar ganga ta faɗi, cokali ma ita ke ba shi. Ya hana a faɗa wa kowa, ni kuwa har rantsar da su ya yi, wai kada Agwagwa ta fara tausaya masa, in ta fara ya mutu ke nan. Ranar ɗaukar hoto kan hannuwan ya zauna. Da na ce sun mutu sai ya zaro su ya duba, kafin ya tuna ya rama.

Ta ce zagin bai dame shi ba. Guntun nan ya gani a wayar jikarsa, ya ga kansa yana kallon hannunsa, ga kiɗan jana'iza a ƙasa, ba kalma ɗaya tasa. Ya ce an yi masa zaman makoki yana raye, kuma taubashiyarsa ce ta ja addu'a.

A trotro na riƙa tunanin matar nan ta Akra. Duk abin da ta rubuta a kaina shirme ne. Amma ta kalli fuskar mutumin daga can ta ga ciwo. Ni da kafaɗata ke gogar tasa ban gani ba, ina can ina shirya na gaba.

Asabar, 28 ga Satumba

Na sa Zuleha ta kunna mini tsohon kaset ɗinsu. Kullum jitar Amidu nake bi. Yau na bar shi, Allah ya ji ƙansa, na bi gangar.

To.

Ban taɓa faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. A nan ma ba zan rubuta ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Nasrullah ya zo ba a kira shi ba. Ya ce ya koma ya kalli abin da ya yanke shi kaɗai, ya yi ta dariya, daga baya ya ji kunya. Ban gaya masa maganar hannu ba, ba tawa ba ce. Na dai ce masa a wurinmu wanda ka daina zagi ka fitar da shi daga dangi ne, wanda kuma ka hana ramawa ka tuɓe shi a kasuwa. Ya ce a makaranta ba a koya musu wannan ba. Na ce ai na gani.

Zai mayar da wurin yadda yake, ya cire jitar. Bai sani ba ko mutanen waje za su karɓa haka, kuma ya ce matar Akra za ta ce ya ɓata abu mai kyau don ya faranta wa dangi. Na ce ta hau mota ta zo, ina da sauran zagi da ban yi amfani da shi ba. Idonsa ya yi ja, ya sha wuya kan fim ɗin nan. Na ce ango ba ya kuka gaban amarya, tashi ka ɗebo mini ruwa.

Ranar Asabar za a fara nunawa a gidan Brimah. Ban san ko zai fito ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ya fito. Bayan la'asar aka ajiye talabijin a tsakar gida, maƙwabta suka cika har kan rijiya, har da samarin nan masu kiran Kashe-Ganga. Ya zauna cikin babbar riga kamar alƙali, ya gaishe ni da Hajiya. Na amsa. Na zo da lemu a leda don in sami abin yi da hannuna.

Aka sa. Na yi nawa a talabijin. Ya duba hannu, wannan karon ba kiɗa, sai kukan kaza daga nesa. Sai ga shi ya ɗago ya fara. Miya, lasifika, akuya. Gida ya ruɗe, Rahamatu ta duƙe tana riƙe ciki, wata tsohuwa ta ce wallahi ta tuna akuyar. Ƙarya take, ba a yi akuya ba. Shi ko gezau.

Da aka gama na miƙe da ƙyar zan tafi. Sai na ji daga baya, "Agwagwa. Kamarar Bature ma ta kasa gyara tafiyar nan."

Na koma na zauna. Na soma zagi daga kunnuwansa, na taɓa hularsa, na taɓa haƙoransa uku da ba sa ga maciji da juna. Yana ramawa, amma yana kallona ta gefen ido. Ya san ni. Can sai ya zaro hannuwan daga cikin riga ya ɗora su kan gwiwa a gaban kowa, suna ta karkarwa.

"Waɗannan fa?" ya ce. "Kin manta da su ne?"

Rahamatu ta sunkuyar da kai. Na dube su da kyau, ban kau da ido ba.

Na ce, "Ban manta ba. Mamaki nake. Sai yanzu suka fara bin kiɗa daidai."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, har sai da aka bubbuga masa baya. Ya ce a rubuta, Agwagwa ta ci wannan, amma gobe ma rana ce. Na ɓare lemu na riƙa ba shi a baki don ya yi shiru, ba don komai ba.

A hanya idona ya yi ta ruwa. Hayaƙin motocin Asawase ya yi yawa bana.

Lemu ya yi araha. Gobe zan sake saye, kuma Rahamatu ba ta iya ɓarewa ba, tana barin zare.