Fedar da Ba a Taka Ba

Laraba da daddare, Gyadi-Gyadi

Yau na kai tsohuwar sintesaizata, na'urar kiɗan nan mai maɓallai, Tarauni, gidan Malam Bitrus, abokin aikina na da, mai kaɗa kibod a cocinsu. Ya aro mini feda biyu, akwatunan nan da ake takawa su kausasa sauti. Ɗaya tana ɗan dusashe murya, ɗayar tana yayyaga ta. Tun bara nake neman abin da zai dawo da gurnanin da na san na'urar da shi.

Na sa ya rage ƙarfin sautin, domin don kiɗan jita aka ƙera fedojin. Na saurara a tsanake, na zaɓi ta farko, har na yi masa bayanin kaurin da ta ƙara.

Ya dubi fedar a ƙasa. "Alhaji, ai ban taka ta ba tukuna."

Na ce wataƙila laifin waya ne.

"To, mu ɗora wa wayar," in ji shi, ya miƙo mini shayi.

Tuni likita ya gaya mini jina ya ragu, na ce injin gwajinsa ne bai daidaita ba. Ashe na'urar ba ta rasa komai ba, kunnena ne ya tafi. Na bar ta a ɗakin Bitrus, kuma bai tambaye ni ranar ɗauka ba.